Bayani A Kan Gona Da Kasada, Da Dalilin Da Ke Sa Samarin Fadama Barin Noma

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya saukar da ruwa bisa gwargwado. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwana 'yan kasuwa da dillalai, masu sari da masu awo, na Gwadangaji da Birnin Kebbi da Argungu da sauran kasuwannin bakin gulbi. Kun saba buɗe wagga takarda ku ga buhun gero kaza, dawa kaza, shanshera kaza. To ku sani farashi 'ya'yan itace ne, saiwarsa tana gona. Yau saiwar nike so mu tona.

Akwai wata magana da ta yi yawa a rumfunanmu, wai samarin yanzu ba su son noma, raggwaye ne, matsorata, ba su iya zuba kuɗi a ƙasa su jira. Abin da na gani cikin shekarun da na yi ina sayen hatsi daga hannun manoma ya saɓa wa wannan. Ƙarfin zuciyar manomi gwargwadon riƙon da ya yi wa gonarsa ne. Mai gona tasa shina iya kasada, domin ko bana ta ƙi, baɗi gonar na nan. Wanda ya kama haya ta damina guda, in ta ƙi, ba shi da baɗi. Zan kawo bayanin wannan fasali fasali, in Allah ya so.

Fasali na farko: hanyoyin da gona ke zuwa hannun saurayi

Hanyoyin da anka sani a ƙasarmu su ne gado, da kyauta, da saye, da aro, da jingina, da haya, da noma mu raba. A da, saurayi shina cikin gandun ubansa, a yanka mishi gayauna shi noma abin aljihunsa, abinci da haraji da kuɗin aurensa duk suna wuyan maigida. Gandu inuwa ne. In shekara ta ɓaci, gida duka ke ɗaukar hasara, ba yaro shi kaɗai ba. Yau gandu ya tsinke a gidaje da yawa, kowa tasa ta fisshe shi.

Ku dubi gado da lissafi. Ga misali: mutum ya rasu ya bar eka 8 a fadama, da mata ɗaya, da ɗiya maza 5 da mata 4. Matar ta ɗauki tumuni, eka 1 ke nan. Saura 7 a raba kashi 14, kowane namiji eka 1, kowace mace rabin eka. Gonar da ta ciyar da babban gida ta koma kunya kunya. In waɗanga su ma sunka haifa kamar yadda anka haife su, jikoki sai taki kaza. Rabon Allah gaskiya ne, babu gyara a cikinsa. Mutane ne sunka yawaita, ƙasa kuwa ba ta haihuwa. Sa'an nan gado ba shi zuwa sa'ad da ake bukatarsa. Saurayi mai shekara 22 shina da ƙarfi ba shi da gona, ranar da gona za ta zo hannunsa wataƙila ya kai 45, ƙarfin ya fara tafiya.

Saye kuwa ya fi ƙarfin yaro. Tun da anka ƙirƙiro Jihar Kebbi ranar 27 ga Agusta 1991, Birnin Kebbi ta zama babban birni, gari ya yi ta tafiya har ya haɗe da Gwadangaji, sakatariyar jiha ma nan gare mu take. Gonakin tudu da iyayenmu sunka noma gero da wake sun koma fulotai. Ƙasar da ake saye da kuɗin gini ba a iya sayenta da kuɗin gero. Ga kuma Dokar Ƙasa ta 1978, ta zamanin Janar Obasanjo, wadda ta sa ƙasa amana a hannun gwamna. In hukuma ta karɓi wuri don aikin jama'a, diyyar da dokar ta sani ita ce ta shuka da gini da gyaran da anka yi, ba ta ƙasar kanta ba.

Saura aro da haya. Aro ya yi ƙaranci, domin masu gona sun ga shari'u gaban alƙali, inda aron da ya daɗe ya zama jayayya, ɗiyan wanda anka ara wa suna cewa ta ubansu ce. Don haka mai gona ya koyi dabara: ya ba wannan bana, ya karɓe ya ba wancan baɗi, kuma a biya shi kuɗi tun ba a sa garma ba. Ba mugunta ce ta sa shi ba, shi ma tsoro ne. Tsoron mai gona shi ke haifar da tsoron ɗan haya.

Fasali na biyu: lissafin kasada

Mu 'yan kasuwa lissafi munka sani, to mu yi shi da buhu, tun da naira ba ta tsayawa wuri ɗaya. Wanga misali ne kawai don a gane, kowa shi sa adadin gonar da ya sani.

A ce gonar shinkafa tana ba da buhu 30 a shekara mai kyau. A ce iri da taki da magani da fetur da 'yan ƙwadago sun ci kuɗin buhu 14. Mai gona tasa ya tashi da ribar 16. In ruwa ya cinye, hasararsa 14. Shekara mai kyau guda ta biya mummuna guda har da saura.

Ga ɗan haya a gona irinta. Ya biya hayar kuɗin buhu 6 tun farko. Shekara mai kyau ribarsa 10. In ruwa ya cinye, hasararsa 20. Mummuna guda ta haɗiye masu kyau biyu. Kuma 20 ɗin nan ba nasa ba ne, bashi ne. Mai gona in ya matsu shina jinginar da gefe guda, ko shi sayar da sa, shi sake shiga. Ɗan haya ba shi da abin jingina sai mutuncinsa, in ya rasa shi ba wanda zai sake ranta mishi ko mudu. Gona ɗaya, ruwa ɗaya, amma kasadar ba ɗaya ba ce.

Daga nan za ku gane abubuwan da kuke gani kuna mamaki. Don mi ɗan haya ba shi kai takin gargajiya gona? Domin amfanin taki shina kai shekara biyu ko uku, wani ne zai ci. Don mi ba shi daidaita ƙasa, ba shi gyara kunya da kyau, ba shi buga rijiyar burtsatse? Domin rijiya ba a ɗaukarta a kai ranar da anka ce tashi. Don mi shike sayar da shanshera a bakin masussuka, ranar da ta fi kowace rana araha? Domin mai bashi na tsaye, ba shi da ikon ajiya zuwa bazara. Ku kira shi matsoraci in kun so, ni dai na ga mai lissafi. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Fasali na uku: shekarun da sunka koya wa samari taka tsantsan

Fadamar Gulbin Rima albarka ce, amma albarka mai hali biyu. Kakanninmu suna shuka jar shinkafa mai bin ruwa, in gulbi ya ƙaru ta ƙaru. Ba ta da yawa, amma ba ta cin jari. Dattawa suna tuna farin 1973 da na 1984. Sa'an nan anka gina madatsar Bakolori a Gulbin Sakkwato, anka gama a 1978, da ta Goronyo a Gulbin Rima a 1984. Tun daga nan zuwan ruwa fadamarmu ba ga sama kaɗai ya dogara ba, har da ranar da anka buɗe ƙofa can gabas. A Bakolori kuma, rikicin diyyar gonaki ya kai ga zubar da jinin manoma a 1980, labarin bai ɓace daga zukata ba. Aikin Zauro, wanda anka tsara tun 1969 don a tare ambaliya a fadamar da ke tsakanin Argungu da Birnin Kebbi, ya yi ta shan jinkiri, kuma cikin abin da ya sa manoma ɗari-ɗari da shi akwai tsoron kada a sake rabon ƙasa su tashi babu tasu.

Injin ban-ruwa da ƙananan rijiyoyi sun kori jigo, musamman bayan shirin Fadama da anka fara da rancen Bankin Duniya a 1993. Noman rani ya buɗe, iri irin su Faro 44 sunka shigo. Amfani ya ninka, amma jari ma ya ninka. Noman da ake yi da ƙarfi ya koma noman da ake yi da kuɗi. Shari'a ma ta san wannan nauyi, shi ya sa abin da ruwan sama ya shayar ake fitar mishi da ɗaya cikin goma, wanda anka shayar da wahala rabin haka.

A watan Nuwamba 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Jihar Kebbi ya buɗe shirin rancen manoman shinkafa na Babban Bankin Nijeriya, zamanin Gwamna Atiku Bagudu. A ƙarshen 2016 anka fito da shinkafar Lake Rice ta haɗin Legas da Kebbi. A 2017 anka buɗe kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu, ga Labana a Birnin Kebbi. A Agusta 2019 anka rufe iyakokin tudu, shinkafar waje ta yi wuya, shanshera ta yi daraja. Samari da yawa sunka dawo daga cin rani sunka shiga fadama. Wannan kaɗai ya isa amsa ga mai cewa ba su son noma. Amma ku lura da abin da ya biyo: da shinkafa ta yi kuɗi, hayar fadama ta tashi, ma'aikata da attajiran birni sunka shigo suna kama manyan filaye. Ribar da ta ƙaru, kaso mai yawa ya tafi ga mai ƙasa.

Sa'an nan ambaliyar Agusta da Satumba 2020 ta zo ta kwanta bisa shinkafar damina, daga Augie da Argungu har Birnin Kebbi da Bagudo. Masu gona sun yi kuka, sunka share hawaye sunka shiga noman rani. 'Yan haya da yawa daga nan ba su sake tashi ba. Ranar 29 ga Mayu 2023 anka cire tallafin fetur, litar da ba ta kai naira 200 ba ta koma wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kamin ƙarshen 2024 ta taɓa 1,000. Injin ban-ruwa kuwa fetur shike sha. A ƙarshen 2023 Babban Banki ya janye hannu daga irin wancan rance. A 2024 gwamnati ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na wani lokaci, har da shinkafa, kuma a 2025 farashin hatsi ya faɗo alhali taki bai faɗo ba. Yaron da ya buɗe ido cikin waɗanga shekaru goma ya ga ruwa ya ci, ya ga fetur ya ci, ya ga kasuwa ta ci. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu shike yi.

Fasali na huɗu: inda suke zuwa

In da tsoro ne halinsu, da ba mu gan su inda muke ganinsu ba. Wanga ya karɓi mashin shina kabu-kabu, shina biyan mai shi kullum. Wancan ya hau bayan tirela bisa kayan shanu ya tafi Legas ko Ibadan ko Fatakwal. A Legas anka hana acaba a wasu unguwanni a 2020, anka ƙara a 2022, mashina da yawa sunka salwanta. Wani ya shiga ramin zinari a ƙasar Yawuri ko Zamfara, ramin da ke rufta wa mutane, ƙasar da gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a 2010. Wani shina ɗaukar jarkoki ta hanyar daji wajen Kamba. Duk waɗannan sun fi noma haɗari ga rai.

To mi ya bambanta su da noma? Abu biyu. Na ɗaya, kuɗinsu na fitowa yau ko cikin mako, ba bayan wata huɗu ba. Na biyu, jarin da ake zubawa jiki ne, shi kuwa jiki nasa ne, ba aro ba. Saurayi shina kasada da abin da ya mallaka, shina tsoron kasada da abin da zai bar shi cikin bashi. Mu ma haka muke yi. Wane ne cikinmu zai cika shago da kayan bashi, alhali mai shagon na iya cewa fita a ƙarshen wata?

Ba ƙasarmu kaɗai ke da wagga damuwa ba. A Habasha, tun 1975 ƙasa ta koma hannun hukuma, ba a sayar da gona, samari da yawa sun tashi babu rabo. A lardin Tigray, daga 1998 anka fara ba magidanta takardar shaidar gonarsu. Masu bincike sun ga bayan haka ba da haya ya ƙaru, musamman daga mata masu riƙe da gida, domin mai takarda ba shi tsoron ɗan haya shi ƙwace. Abin lura a nan: da hankalin mai gona ya kwanta, sai ƙofa ta buɗe wa marar gona.

Fasali na biyar: abin da ya shafe mu, da abin da ke hannunmu

Kada wani shi ce wannan maganar manoma ce. Buhun da za mu auna nan da shekara goma, yaran nan ne za su noma shi ko su ƙi. In fadama ta koma hannun manya 'yan kaɗan, su ba su bukatar dillali, kai tsaye suke kai kaya kamfani da mota. Kasuwarmu da ƙananan manoma masu yawa take rayuwa, masu kawo buhu 5, buhu 10. Haka mata masu turara shinkafa su sayar da gumi, da masu dako, da masu ɗinkin buhu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Dam da fetur da iyaka ba su hannunmu. Amma ga abu huɗu da ke hannunmu.

Na farko, masu gona daga cikinmu su tsawaita haya. Shekara 3 ko 5, a rubuce, da shaidu biyu, da sa hannun mai unguwa ko hakimi, a faɗi iyakoki, a faɗi ranar ƙarewa, a faɗi cewa haya ce ba kyauta ba. Aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani, a ƙarshen Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Rubutu na kare mai gona daga jayayya, shina ba yaro zuciyar buga rijiya da kai taki, har shi yi tunanin injin hasken rana, wanda ba ya biyan kansa a shekara guda. Ku kuma dillalai, ku ne kuka san mai gona kuka san mai nema, wagga la'ada ce mai albarka.

Na biyu, a duba lokacin biya. A Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda munka karanta a zaure, an hana shardanta biyan kuɗin haya tun farko a ƙasar da ba a amince da samun ruwanta ba, har sai ta sha. Malamai sun san kasadar ɗan haya tun shekaru dubu. Ko inda shari'a ba ta tilasta ba, kamar in ambaliya ta zo bayan shuka, kyautatawa ce a raba biya kashi biyu, rabi farko rabi da kaka, kuma a yi alkawarin rangwame in ruwa ya cinye. Hayar gona da abin da za ta fitar, da noma mu raba, suna da sharuɗɗa masu kauri a mazhabar Imamu Maliku, a tambayi malami kamin a ƙulla.

Na uku, a gyara ba da kaka. Wasu masu sana'armu suna ba yaro kuɗin da bai kai rabin ƙimar buhu ba lokacin da ya matsu, su karɓi buhu cikakke da kaka. Wanda anka yi wa haka sau biyu ba ya noma na uku. Shari'a ta halatta cinikin salam: ka biya kuɗi duka yanzu, a ambaci irin shinkafa, da ma'auni sananne, da lokacin kawowa. A yi shi da farashin da mutum ba zai ji kunyar faɗinsa gaban jama'a ba. In musiba ta zo, a jinkirta wa wanda ya gaza har shi samu, wannan umurnin Ubangiji ne. Riba kaɗan da mai kawo maka kaya shekara 20 ta fi riba mai yawa da ke kashe shi bana.

Na huɗu, ajiya. Mai sito shi karɓi buhunan yaro amana da lada sananne, a rubuta adadi, shi sayar da abin da zai biya bashi, saura shi jira kasuwa. Wata biyu ko uku na ajiya sau da yawa su ne tsakanin riba da hasara.

Ku kuma iyaye masu gona, ku yanka wa yaro rabonsa tun kuna da rai, kyauta ce da shari'a ta yarda da ita in an yi adalci tsakanin ɗiya kuma an damƙa. Rabin eka da ya san tasa ce za ta zaunar da shi gida fiye da wa'azin shekara. Ku kuwa samari, in an amince muku ku riƙe amana, kada ku karkatar da kaya ga wani mai saye bayan kun ci kuɗin wani. Alkawari shi ne jarin wanda ba shi da gona.

Wannan shi ne abin da ya sawwaƙa. Allah shi ba mu damina mai albarka, shi tsare fadamarmu daga ambaliya da fari, shi sa albarka ga ma'auninmu, shi shirya zuriyarmu. Allah ne mafi sani.